Allon wasan bidiyo: Abin da mai saye a Tambuwal da Kebbe ya kamata ya sani kafin ya biya kuɗi

A garuruwan kudancin jihar Sakkwato, kamar sauran garuruwan Arewa, gidan gem ya shiga sahun ƙananan sana'o'in da matashi kan buɗe da ɗan jari: shago ɗaya, benci biyu ko uku, na'urorin PlayStation, da alluna jere a jikin bango. Ban da masu wannan sana'a, akwai ɗalibai da ma'aikatan da kan sayi allon kwamfuta su ajiye a ɗaki, su yi karatu ko aiki da rana, su yi wasa da dare.

Ba a ƙera wannan allo a Tambuwal ko Kebbe, ba a ƙera gilashinsa a ko'ina cikin Najeriya. Daga waje yake zuwa, farashinsa kuma dala yake bi. Kafin Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin naira a watan Yunin 2023, ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Mai saye daga wannan yanki kuma sai ya yi tafiyar kimanin kilomita 100 daga Tambuwal zuwa birnin Sakkwato, ko ya nufi Birnin Kebbi ta Jega, ko ya tura kuɗi Kano ko Legas a ɗoro masa kaya a mota. Wanda ya yi kuskuren zaɓi, mayar da kayan kaɗai wata asara ce.

Lambobin da ake bugawa a jikin kwali an tsara su ne domin mai saye da ke da wuta dare da rana da ɗaki mai sanyi. Mai saye a nan tambayoyi uku ya kamata su ja masa gora: wace na'ura zai jona wa allon, da wace wuta zai kunna shi, kuma a wane irin ɗaki zai zauna.

Yadda allon LCD ke aiki

Hoton da ke kan allo tarin ƙananan ɗigogi ne, kowane ɗigo kuma ya kasu gida uku: ja, kore da shuɗi. Ɗigon LCD ba ya samar da haske da kansa. Akwai fitila a bayan gilashin, a gabanta kuma akwai wani sinadari da ke tsakanin ruwa da daskararren abu, wanda ƙwayoyinsa ke juyawa idan wuta ta taɓa su. Juyawar tasu ce ke buɗe wa haske hanya ko ta toshe shi, tamkar labulen da ake ɗagawa da saukewa sau da yawa cikin sakan ɗaya.

Masanin tsirrai ɗan Austiriya Friedrich Reinitzer ne ya fara lura da irin wannan sinadari a 1888. Sai a 1968 kamfanin RCA na Amurka ya nuna wa duniya allon da ke aiki da shi, bisa binciken George Heilmeier da abokan aikinsa.

Abin da ya fi shafar mai saye a yau shi ne fitilar bayan. Tsofaffin alluna suna amfani da siraran fitilu masu kama da dogon ƙwan fitilar ofis, waɗanda ake kira CCFL. Suna shan wuta da yawa, suna zafi, haskensu na komawa ruwan ɗorawa idan sun tsufa, kuma akwai zaiba a cikinsu. Daga wajajen 2010 kamfanoni suka koma ga ƙananan fitilun LED. Don haka allon da ɗan kasuwa ke kira LED shi ma LCD ne, fitilarsa ce kawai ta bambanta.

Faɗi, girma da yawan ɗigo

Ana auna allo da inci, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Wannan awo ba ya faɗin siffar allon. Tsofaffin allunan ofis suna da siffar 4:3 ko 5:4, wato kusan murabba'i. Mai faɗi na yau siffarsa 16:9, ma'ana idan faɗinsa taku 16 ne, tsayinsa taku 9 ne. Injiniya Kerns Powers ne ya ba da shawarar wannan siffa a Amurka a 1984, ita ce kuma ta zama ta talabijin na zamani da na'urorin wasa.

Bambancin yana da tasiri a aljihu. Idan aka jona PlayStation ga allon ofis mai inci 19 da siffar 5:4, ko dai hoton ya miƙe 'yan wasa su yi tsawo kamar sanda, ko baƙin layi ya cinye sama da ƙasa. A hali na biyu, hoton da ya rage bai wuce na allo mai inci 17 ba. Akwai kuma alluna masu matuƙar faɗi, 21:9, waɗanda ke da kyau ga mai kwamfuta, amma PlayStation 4 da 5 ba sa fitar da hoto da wannan siffa. Wanda ya saya musu irinsa ya biya kuɗin gilashin da ba zai mora ba.

Sai yawan ɗigo, wanda shi ne ma'aunin tsabtar hoto. Matakai uku ne suka fi yawa a kasuwa:

- 1920 sau 1080, wanda ake rubutawa 1080p ko FHD: ɗigo 2,073,600.
- 2560 sau 1440, wato 1440p ko QHD: ɗigo 3,686,400.
- 3840 sau 2160, wato 4K: ɗigo 8,294,400, ninki huɗu na matakin farko.

A ƙasa da waɗannan akwai 1366 sau 768 da 1600 sau 900, waɗanda suka yawaita a ƙananan alluna masu araha da kuma talabijin masu inci 32. Sau da yawa ana rubuta musu HD kawai, mai saye ya ɗauka 1080p ne.

Girma ba ya ƙara ɗigo. Allo mai inci 24 da 1080p yana da ɗigo kusan 92 a kowane inci. Idan aka shimfiɗa wannan adadi a kan inci 27, sai ya sauko zuwa 82, rubutu ya fara yin kaushi ga wanda ke zaune kusa. Inci 27 da 1440p kuwa yana ba da kusan 109. Wannan ya sa aka saba haɗa inci 24 da 1080p, inci 27 da 1440p. Kowane ƙarin ɗigo kuma ƙarin aiki ne ga na'urar da ke zana hoton. Kwamfutar da ke tafiyar da wasa lami lafiya a 1080p tana iya fara tsaitsayawa a 1440p.

Saurin sabunta hoto

Lambar da aka fi tallata allon wasa da ita ita ce ta Hz, wato sau nawa allon ke sabunta hoto cikin sakan ɗaya. Mai 60Hz yana nuna sabon hoto duk bayan milisakan 16.7, milisakan kuwa ɗaya ne bisa dubu na sakan. Mai 120Hz yana yin haka duk bayan 8.3, mai 144Hz duk bayan 6.9. Motsi ya fi santsi a kan mai sauri, ido kuma yana ganin bambancin.

Sai dai allo ba ya nuna abin da ba a aiko masa ba. PlayStation 4, wadda ta fito a 2013 kuma har yanzu take cike gidajen gem, ba ta wuce 60Hz. Haka ma PlayStation 4 Pro ta 2016. Idan aka jona ta ga allo mai 144Hz ko 165Hz, a 60 ɗin zai tsaya. PlayStation 5, wadda ta fito a Nuwamban 2020, tana iya kai wa 120Hz, amma a wasannin da aka tsara don haka kaɗai, irin su Fortnite da wasu daga cikin jerin Call of Duty. Ga gidan da cinikinsa ya dogara da wasan ƙwallon ƙafa, wato EA Sports FC da ya gaji FIFA a 2023, ko PES da kamfanin Konami ya sauya wa suna zuwa eFootball a 2021, allo mai 60Hz ko 75Hz mai kyau ya wadatar a kan PlayStation 4.

Mai kwamfuta shi ma ya fara duba katin hotonsa. Idan katin ba ya iya zana fiye da hoto 50 a sakan, allo mai 144Hz ba zai ƙara masa ko ɗaya ba. Abin da zai amfane shi shi ne fasahar da ke sa allo ya bi saurin katin, ta hana hoto tsagewa gida biyu. Kamfanin Nvidia ya fito da tasa, G-Sync, a 2013, AMD kuma ya fito da FreeSync a 2015. Ta biyun ce aka fi samu a alluna masu sauƙin kuɗi.

Jinkiri iri biyu

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne lokacin da ɗigo ke ɗauka kafin ya rikiɗa daga wani launi zuwa wani. Idan yana da nawa, ƙwallo ko ɗan wasan da ke gudu sai ya riƙa jan wata inuwa a bayansa. Wannan ne ake bugawa a kwali da 1ms ko 5ms. Kamfanoni kan zaɓi awon da ya fi yi musu kyau, kuma hanyoyin awon biyu ne, GtG da MPRT, waɗanda ba a kwatanta ɗaya da ɗaya. Allon da aka rubuta wa 1ms ba lalle ya fi wanda aka rubuta wa 4ms ko 5ms ba.

Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin danna maɓalli da ganin sakamakon a allo. Shi ne ke sa ɗan wasa ya rantse ya buga ƙwallo a kan lokaci amma aka ƙwace masa. Ba kasafai ake rubuta wannan a kwali ba, alhali shi ya fi shafar wasa. A nan ne allon kwamfuta ya fi talabijin, domin talabijin kan tsaya yi wa hoto kwalliya kafin ya nuna shi, allon kwamfuta kuwa yakan fitar da shi kusan nan take.

Wannan ba ya nufin talabijin ba shi da gurbi. Idan mutum biyu za su yi wasa, wasu biyar na kallo daga baya, inci 32 zuwa 43 ya fi inci 24 dacewa, ga kuma lasifika a jikinsa. Sharaɗin shi ne a shiga saitin hoto a kunna wanda aka rubuta wa Game Mode, domin shi ke kashe kwalliyar da ke jawo jinkiri.

Nau'in gilashi: TN, IPS da VA

TN shi ne mafi tsufa da araha. Yana da sauri, amma launinsa na dusashewa idan aka kalle shi daga gefe, ko daga sama ko ƙasa. A gidan gem, inda ake rataye allo sama da kan mai zama a benci, wannan aibi ne babba.

IPS, wanda kamfanin Hitachi na Japan ya fara sayarwa a 1996, yana riƙe launinsa ta kowace kusurwa. Rauninsa shi ne baƙinsa ba ya yin baƙi ƙirin a ɗaki mai duhu. Shi ne ya fi dacewa da wanda zai haɗa wasa da karatu, ko gyaran hoto da bidiyo.

VA ya fi kowa baƙi mai zurfi. Tazarar haskensa da duhunsa takan kai 3000:1, yayin da ta IPS ke tsayawa wajajen 1000:1. Amma masu araharsa kan ja inuwa a wurare masu duhu na wasa.

Idan aka ga an rubuta miliyan ɗaya ko miliyan biyar bisa ɗaya a kwali, wannan lissafin talla ne, ba a gina hukunci a kansa. Haske kuwa, 250 zuwa 300 a ma'aunin cd/m² ya isa cikin ɗaki. Gilashi marar sheƙi ya fi mai sheƙi a shagon da ƙofarsa ke kallon rana.

Kafofin jona waya

Kafin a tambayi farashi, a juya bayan allon. Kafar VGA, mai shuɗin baki da ramuka 15, kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987, kuma ba ta ɗaukar sauti. DVI ta 1999 tana ba da hoto mai tsabta. HDMI tana ɗaukar hoto da sauti tare, ita ce kuma kaɗai kafar hoto a jikin PlayStation 4 da 5. DisplayPort ta kwamfuta ce, ita ake so idan ana neman 144Hz ko fiye.

Allunan ofis na hannu da yawa ba su da HDMI. Ana iya sa musu adafta, amma wannan ƙarin kuɗi ne da ƙarin abin lalacewa, kuma masu arahar kan ƙi aiki da PlayStation sai an ba su wuta ta daban. HDMI kanta hawa-hawa ce: ta 2.0 tana ɗaukar 4K a 60Hz, sai ta 2.1 ce ke kai 4K a 120Hz. A kuma tuna cewa alluna da yawa ba su da lasifika. A duba ko akwai ramin jona abin sauraro a jiki, in ba haka ba za a yi wasa shiru.

Wuta, inda lissafin yake

Jihar Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda ke kula da Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Tashar wutar jihar mai megawat 38, wadda aka ba da kwangilarta a 2008 zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, ta shafe fiye da shekara goma ba ta haska gidajen jama'a ba. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, amma kafin hakan ya iso shagon matashi a Kebbe, janareta da sola ne madogara. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, kowane wat da aka ƙona kuɗi ne ake gani yana fita.

Allon LED mai inci 24 yakan sha tsakanin wat 15 zuwa 25. Tsohon mai fitilar CCFL mai wannan girma yana iya shan ninki biyu ko uku. Tsohon talabijin na plasma kuwa ya kan haura wat 150 nesa ba kusa ba.

Ga misalin lissafi. Shago mai allo shida da ke aiki awa goma a rana, idan kowane allo na shan wat 25, zai ƙona wat 1,500 na awa a yini. Idan kowanne na shan wat 60, adadin zai kai 3,600. Bambancin 2,100 ne. Batirin inbata na gargajiya mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da 2,400 a rubuce, amma rabinsa kawai ake son a riƙa zuƙewa idan ana son ya daɗe. Ke nan tsofaffin allunan nan shida za su ci kusan ƙarin batir biyu da faifan solar da zai cika su. Arahar da aka samu ranar saye, a wurin mai batir za a biya ta. Sayen nagari, in ji Hausawa, mayar da kuɗi gida.

A sa na'urar wasan cikin lissafi. PlayStation 4 ta farko tana shan kusan wat 140 a lokacin wasa, siririyar da ta biyo ta ba ta kai wat 100 ba, PlayStation 5 kuwa tana kai wa kusan 200.

Abubuwa uku ne za a duba ta fuskar wuta. Na ɗaya, takardar da ke manne a bayan allo ta nuna yana karɓar bolt 100 zuwa 240, domin wutar Najeriya 230 ce a ƙa'ida amma takan faɗi ƙasa sosai. Na biyu, allon da ke da adaftar wuta a waje ya fi sauƙin gyara: idan wuta ta yi ƙarfi, galibi adaftar ce ke ƙonewa, a sauya ta kawai. Irin waɗannan alluna kan yi aiki da bolt 12, 14 ko 19, kuma mai gyaran da ya san aikinsa zai iya jona su da batirin sola ta hanyar na'urar daidaita ƙarfin wuta, ba tare da an bi ta inbata ba. Ba a jona su kai tsaye da batir. Na uku, a sa abin kariya tsakanin allo da soket, a kashe kaya kafin a tayar da janareta ko a kashe shi, a kuma zare waya idan hadari ya taso da tsawa.

Zafi da ƙura

Littafin da ke zuwa da yawancin alluna yana iyakance zafin wurin aiki a digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, wasu ma 35. A Sakkwato, zafin rana na haura 40 a watannin Maris, Afrilu da Mayu, shago mai rufin kwano kuma ya fi waje zafi. Abin da ke fara gazawa shi ne kafasitocin da ke sashen wuta. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwanan kafasita. Alamar mutuwarsa ita ce allo ya riƙa jinkirin kamawa, ko ya haska ya ɗauke. Gyara ne mai sauƙin kuɗi idan aka kai da wuri.

Maganin shi ne a bar tazara tsakanin allo da bango, kada a rataye shi dab da kwano, a rage hasken fitilarsa zuwa rabi, wanda ke rage zafi da shan wuta a lokaci guda. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. A rufe allo da ƙyalle bayan an kashe shi, a buɗe kafin a kunna. Kada a goge busasshiyar ƙura da ƙarfi, domin yashin cikinta na karce gilashi. A kaɗe ta tukuna, sannan a bi da laushin ƙyalle mai ɗan danshi.

Sabo ko na hannu

Yawancin allunan hannu suna shigowa ta tashoshin jiragen ruwa na Legas, su bi ta kasuwar Alaba da Computer Village da ke Ikeja kafin su hau Arewa. A cikinsu akwai nagartattu, musamman waɗanda ofisoshin Turai suka sauya alhali da sauran ƙarfinsu. Akwai kuma shara. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da cibiyar yarjejeniyar Basel ta Afirka a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba ya aiki. Talabijin na LCD da allunan kwamfuta ne suka fi kowane rukuni nauyi a cikin kayan.

Saboda haka gani ya kori ji. Kada a biya sai an kunna. Mai saye ya tafi da kwamfutarsa ko na'urar wasansa da wayar HDMI, ya bi waɗannan matakai:

- Ya karanta takardar baya: lambar samfuri, shekarar ƙira, da wutar da yake sha. Idan ya ga alamar Hg, fitilar mai zaiba ce.
- Ya cika allon da launi ɗaya bayan ɗaya: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi. Mataccen ɗigo zai fito baƙi a kan fari, wanda ya maƙale kuma zai yi ƙyalli a kan baƙi.
- A kan fari, ya duba tabo, layi a tsaye ko a kwance, da launin ɗorawa. Layi a gilashi ba ya gyaruwa da araha.
- Ya gwada kowace kafa da kowane maɓalli.
- Ya bar shi a kunne aƙalla minti 20, domin wasu matsalolin sai allo ya ɗau zafi suke bayyana.
- Ya duba a saitin na'urarsa yawan ɗigo da Hz ɗin da allon ya karɓa, ya kwatanta da abin da aka faɗa masa.

Wanda zai saya daga nesa ya sa wanda ya amince da shi ya yi wannan gwaji a madadinsa. A mota kuma a tsaye ake ɗora allo, a cikin kwali, ba a kwance a ƙarƙashin kaya ba.

Haƙƙin mai saye da makomar mataccen allo

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka sayar masa da aibi ko aka siffanta masa ba daidai ba. Hukumar ta sha bayyana cewa rubuta “ba a mayar da kaya” a jikin rasit ba ya soke wannan haƙƙi. Amma haƙƙi ba ya tsayuwa sai da hujja. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, kwanan wata, samfuri da lambar jikin allon, a kuma sa a rubuta kwanakin garanti. Alkawarin baki ba ya zuwa gaban hukuma.

Idan allo ya mutu, kada a fasa shi ko a ƙone shi, musamman mai fitilar zaiba, domin tururinta na cutar da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, yaran da ke jari-bola kuma su ne a sahun gaba. Najeriya ta san wannan darasi tun 1988, lokacin da aka jibge shara mai guba daga Italiya a Koko ta jihar Delta ta yau, ba Kokon jihar Kebbi ba. Abin da ya faru a can na cikin dalilan da suka gaggauta yarjejeniyar Basel ta 1989. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da alhakin hana shigo da matattun kayan lantarki. Yawan waɗanda ke isowa kasuwannin Arewa ma'auni ne na yadda ake aiwatar da wannan doka.

Zaɓi gwargwadon hali

Mai gidan gem da ke aiki da PlayStation 4 a kan sola ko janareta ya nemi allon LED mai inci 24 zuwa 27, 1080p, 60Hz ko 75Hz, gilashin IPS ko VA, mai kafar HDMI da hanyar fitar da sauti. Idan 'yan kallo na da yawa, talabijin mai inci 32 zuwa 43 da ke da saitin wasa.

Mai PlayStation 5 da bai shirya sayen 4K ba ya nemi inci 27 mai 1440p da ke karɓar 120Hz ta HDMI, domin tun Satumban 2022 na'urar ke fitar da wannan mataki.

Ɗalibi ko ma'aikaci mai matsakaiciyar kwamfuta ya tsaya a inci 24, 1080p, IPS. Idan katin hotonsa na da ƙarfi, ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai 144Hz da FreeSync. Ya ajiye allon nisan hannu ɗaya daga fuskarsa, saman gilashin daidai da idonsa.

Duk wanda kuɗinsa bai kai ya sayi babban allo da abin kariyar wuta a lokaci guda ba, ya rage inci ya sayi abin kariyar.